Shekarar da suka sauya mana maballan gem

Akwai wani maƙwabcina tela, mutumin duwatsun Michika, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ƙwallon gem, wadda ake bugawa a talabijin, ta haɗa mu abota. Ranar Lahadi in ya taso daga coci, ni kuma na idar da azahar, sai mu haɗu a shagon gem na bakin layinmu. Yaya nake ce masa. Ba ya ihu kamar samari. Fasin kawai yake yi, gajere-gajere, har ya gajiyar da kai, sannan ya zura maka ƙwallo a raga.

Wata damina babur ya kayar da shi a hanyar Maiha, ya karye a hannu. Ƙashin ya haɗe, amma yatsun hannunsa na dama suka sandare, almakashi ma ya gagare shi. Likita ya ce ya riƙa motsa su. Da ya koma shagon gem, kunya ta hana shi wasa da kowa sai ni. Da farko babban yatsansa ba ya kaiwa maballin bugu. A hankali ya koya wa hannun wata hanya tasa, yana danna fasin da gefen yatsa, bugu kuma da yatsan tsakiya. Ranar da ya sake cin wasa na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi kamar ina kallon fanka.

Sai sabon gem na shekarar ya fito. Mai shagon ya goge tsohon don injinsa ba wuri, kuma samari sun matsa masa. Ban ga laifinsa ba. Masu yin gem ɗin nake jin haushi, har gobe.

Me suka ƙara? Gumi a goshin 'yan wasa. Ciyawa mai kaɗawa. Rawar murna kala-kala bayan cin ƙwallo. Ga wani sashe da ba ya buɗuwa sai da intanet mai ƙarfi, a garin da wayarka ma sai ka ɗaga ta sama. Golan kuwa yana nan yadda muka san shi shekara da shekaru: a bugo kwana ya fito ya tsaya kamar an dasa shi, ƙwallo ta bi ta kansa. Wannan bai dame su ba. Abin da ke aiki lafiya shi suka taɓa. Fasin mai ratsawa, wanda dā danna ɗaya ne, ya koma sai ka riƙe maballin sama ka haɗa da na ƙasa, ka kuma auna ƙarfi.

Yaya ya gwada. Ƙwallo ta fita waje. Ya sake, ta tafi ƙafar ɗan wasana. Na shiga wajen saiti ina neman tsohon tsari, na samu wani mai kama da shi, amma nauyin fasin ya riga ya sauya. Wani saurayi a bayanmu ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Yaya ya ajiye hannun gem a kan benci.

"Ƙanena, hannuna ya san wancan," ya ce. "Ba ni da wani hannu da zan koya wa wannan."

Ya fita. Na juya kan saurayin na zazzage masa, har mai shago ya riƙe ni. Yaron ya sha faɗan da rabinsa na wasu ne can wata ƙasa, waɗanda ba su taɓa zama sun tambayi kansu ko wani ya dogara da abin da suke rushewa duk shekara ba.

Na yi ta cigiyar tsohon gem ɗin a shagunan Mubi, kowa ya ce ya goge. Daga baya wani direba ya gaya mini akwai mai shago a Belel da ya yi shekaru bai sabunta nasa ba, don intanet ba ta isarsa. Na hau mota na je na kwafo, na haɗa da wani tsohon inji na kai ɗakin ɗinkin Yaya. Matarsa ta ture buhun ƙyallaye ta ba mu wuri kusa da keken ɗinki. Rabin 'yan wasan ciki sun yi ritaya, wasu har sun zama masu horarwa, amma maballan suna nan yadda ya san su. Ya zaɓi kulob ɗinsa, ya ce in zauna da kyau, yau ba zai tausaya mini ba.