Ranar da Na Ari Gajiyar 'Yata

Shekarun baya, a wani dogon hutu na damina, ƙanena da ke aiki a Abuja ya bugo waya ya ce in kawo masa yarana su yi mako guda. Ya yi musu alkawarin kai su wani babban wurin wasa da shaƙatawa, irin wanda ake shiga da hantsi ba a fito ba sai yamma, kuma duk yawon a ƙafa ake yin sa.

Yarana biyu ne a lokacin. Babbar mace ce, shekarunta goma sha uku, kuma tana da sikila. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake kiran ta. Ƙaninta yana da sha ɗaya, shi kuwa lafiyarsa kamar ingarma.

Da labari ya isa kunnen mahaifiyata, sai ta aiko a kira ni.

"Namijin ya je," in ji ta. "Ita a bar mini ita a nan. Yarinyar da ruwan sama kaɗai ke kwantar da ita kwana uku, ita za ka kai ta wuni tana gantali a garin da ba ka san asibitinsa ba?"

Maiɗakina ma tana bayan Hajiya, wato mahaifiyar tawa. Ni ma har na fara saukowa, don na san abin da ake gudu. Wanda ya taɓa riƙe hannun ɗansa a gadon asibiti yana ihun ƙashinsa zai tsage, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Da yamma na tarar da yarinyar tana ninke kayan ƙaninta a jaka. Ba ta yi kuka ba. Ko kallo na ba ta yi ba, ta ce, "Baba, ba komai, zan zauna wurin Hajiya. Amma don Allah in ya dawo kada ya nuna mini hotuna."

Nan na tuna duk wata fita da makarantarsu ta taɓa yi, ni da hannuna nake rubuta wa malaminsu takardar cewa ban da ita. Ba ta taɓa musu ba. Ashe lissafi take yi.

Washegari na je wurin abokina, likita ne, kuma shi ke duba ta tun tana ƙarama. Na ce masa ya faɗa mini gaskiya, in ba zai yiwu ba in haƙura.

"Zai yiwu," ya ce. "Ruwa a kai a kai, inuwa, kada ta jiƙe, kada sanyi ya kama ta, maganinta yana jaka, kuma ka san asibitin da ya fi kusa kafin ku shiga. Amma babban abin shi ne ta huta kafin ta gaji, ba bayan ta gaji ba. A nan za ka sha wuya. Ƙaramin yaro in ya gaji kuka yake yi a goya shi. Babba ya wuce goyo, kuma kunya ba ta barin sa ya faɗa. Sai ya daure har ya faɗi."

Na koma na shaida wa mahaifiyata cewa da ita za a tafi, kuma ni na ɗauki nauyi. Ta dube ni ta ce, "Allah ya tsare. Amma in wani abu ya same ta, kada ka biyo ta ƙofata."

Muna da mako uku. Kullum bayan la'asar, in dai babu hadari, sai in kwashe su biyun mu nufi bakin kogi a ƙafa. Lokacin ruwa ya fara cikowa, mutane na ta jera buhunan yashi a kan jinga, shinkafa ta yi kore shar a fadama. Ranar farko ko gada ba mu kai ba muka juyo. Bayan mako guda muna wuce masu banda kifi, mu zauna a gindin wata tsamiya mu sha ruwa, mu dawo kafin magariba. Wani maƙwabcina da ke noma a wajen ya gaji da ganin mu, ya ce, "Malam, wai takara za ka tsaya ne? Kullum kai ne a hanya kana gaisawa da jama'a."

A wannan yawon na gane maganar abokina. Duk lokacin da na ce, "Mamana, kin gaji?" sai ta ce a'a, ta kuma ƙara sauri don ta nuna mini. Tambayar tawa ita ke ƙara mata wahala. Sai na daina tambaya, na koma lura. Na gano cewa in gajiya ta fara kama ta, surutunta ne ke fara ɗaukewa, sannan ta riƙa shafa gwiwarta ta dama kamar tana kaɗe ƙura. Da na ga haka sai in ce, "Kai, ni fa ƙafata ta riƙe, mu zauna." Mu zauna, kowa ya sha ruwa, ta dawo da hirarta. Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Har maiɗakina na ba labari da alfahari, kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama.

Mahaifiyarsu ta sayo musu sababbin takalma na zuwa birni. Na ce a sa su a jaka don zuwa masallacin Juma'a, amma ranar yawo tsofaffin kambas ɗin da suka saba da ƙafarsu za su sa. An yi mini fushi na kwana ɗaya, ya wuce.

Mun isa Abuja, muka huta kwana biyu, ran na uku muka tafi wurin wasan tare da ƙanena da matarsa da 'ya'yansu biyu, mace da namiji, sa'annin nawa. Tun daga ƙofa na san ba a yi mana ƙarya ba. Wurin ya fi unguwarmu girma. Matar ƙanena, da kyakkyawar niyya, ta hango inda ake ba da keken tura marasa lafiya, ta ce, "Yaya, ko a karɓo mata ɗaya? Kada ta wahala."

Na ga fuskar yarinyar ta sauya a gaban 'yan'uwanta. Na yi maza na ce, "A'a, ai ita ce ma shugabar tafiya." Na karɓi takardar taswirar wurin da ake rabawa a ƙofa na damƙa mata. Na ce ita za ta shige gaba, ita za ta zaɓi inda za a fara da inda za a ƙare, kuma duk wanda ya wuce ta ya rasa alawarsa. Na yi haka ne don na san mai jan gaba shi ke yanke saurin tafiya. Ta duba takardar nan da gaske, ta ce a fara da na nesa tun da sauran ƙarfi, a riƙa dawowa ta wajen ƙofa. Ni kaina ban yi wannan tunanin ba.

Suka hau motocin nan masu karo da juna, suka hau majaujawa, suka shiga ƙaramin jirgin ƙasa. Ban taɓa jin ta tana ihun murna irin na ranar ba. Ni kuwa idona yana kan gwiwarta. Da na ga hannu ya sauka, sai in dafe ƙugu in ce, "Wayyo ƙafata," in nemi benci a inuwa. Dokata ita ce in Baba ya zauna kowa ya sha ruwa, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji.

Tumbina ya taimaka wajen sa a yarda da ni. Ƙanena ya yi ta dariya yana cewa, "Yaya, kifin Haɗeja ya gama da kai." Na bar shi ya ci bulus. Gaskiyar magana ma, zuwa zama na huɗu ban san iyakar wasan da gaskiyar ba.

Da azahar muka yi salla, muka ci abinci, na ja zaman ya kai kusan awa guda. Yara suna ta ƙunƙuni, na yi kamar ban ji ba.

Wajen la'asar saura abu ɗaya a takardarta: babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutane sama su hango gari. Muna hango layinsa yana ƙara tsawo, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Sai na ji ta yi shiru. Na duba, hannu yana kan gwiwa, kuma wannan karon bai sauka da wuri ba. Na dafe ƙugu na fara waƙata.

Ƙaninta ya kasa daurewa. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Haba Baba! Kullum kai ne. Yanzu ruwa zai sauko a rufe, ba mu hau ba. Da ka sani ka zauna a gida."

Ƙanena ya ɗaga murya zai tsawata masa, sai yarinyar ta riga shi.

"Ku ƙyale Baba," ta ce. "Ba shi ba ne. Ni ce na gaji. Tun safe ni ce."

Ta juya wajen 'yan'uwanta, muryarta ko rawa ba ta yi. "Kun san ina da sikila. In na matsa wa kaina sai a kwana a asibiti. Ku je ku kama mana layi, ni zan zauna kaɗan in sha ruwa in zo."

Mazan suka ruga tare da ƙanena. 'Yar ƙanena ta tsaya jim, sannan ta tuɓe rigar sanyinta ta yafa mata, ta ce, "Wallahi ni ma tun ɗazu ƙafata ke zafi, kunya ce ta hana ni faɗa." Ta zauna ta cire takalmi, sai ga bororo ya tashi a diddigenta. Uwarta ta kama salati, ta ja ta gefe tana neman filasta a jaka.

Muka rage mu biyu a benci. Na ce, "Mamana, ki faɗa mini tsakani da Allah. Ciwon ne ke tasowa?"

"A'a, Baba. Gajiya ce kawai. Na san bambancinsu. In shi ne, ni zan fara ce maka mu tafi."

Na taɓa goshinta, babu zafi. Na duba idonta da tafin hannunta kamar yadda abokina ya koya mini. Na yarda da ita, kuma ranar ce farkon da na yarda da maganarta a kan jikinta fiye da tsorona.

"To tun yaushe kika gane?" na tambaye ta.

"Tun a bakin kogi." Ta kurɓi ruwa tana danne dariya. "Kuma yau da safe ƙafar hagu kake ɗingisawa, bayan azahar ka koma ta dama."

Na yi dariya har da hawaye. Ba duka hawayen ba ne na dariya, amma ban bari ta gane ba. Ko da yake wa ya sani, tunda ga irin gwanintata a ɓoye abu.

Bayan kamar minti ashirin ta miƙe da kanta. Muka taka a hankali, muka samu layi ya kusa zuwa kanmu. Muka hau. Da muka kai ƙololuwa ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, iska na kaɗa mayafinta, tana nuna mini duwatsu da dogayen gine-gine tana cewa, "Baba, duba! Baba, duba can!" Ni kuwa idona a rufe, ina karanto duk addu'ar da na sani. Muna shiga mota ruwa ya kece.

Ciwo bai tashi ba. Washegari ta wuni a kwance tana hutawa, ba wanda ya sa ta. Ni ne dai na yi sallar asuba ina nishi a ruku'u. Da muka kira mahaifiyata, yarinyar ta karɓe wayar ta yi ta zuba labari har kati ya ƙare. Da muka dawo gida, abin da Hajiya ta ce mini kawai shi ne, "Ka rame." A wurinta wannan yabo ne.

Ku da ke da yara masu tasowa, masu lafiya ko masu lalura, in za ku kai su irin wannan doguwar fita, shirin ƙafa yana da amfani: a saba da tafiya tun a gida, a sa tsohon takalmi, a sha ruwa, a zauna tun ba a jigata ba. Duk na yi, kuma da zan sake, haka zan yi. Amma na fi kowa sanin inda na gaza. Na yi mako uku ina koya mata tafiya, ban yi minti ɗaya ina koya mata cewa faɗin "na gaji" ba abin kunya ba ne. Rufa mata asiri na yi, alhali babu wani asiri da ke buƙatar rufi. Ita ce ta gyara mini wannan a gaban mutane, tana da shekara goma sha uku.

Yanzu tana jami'a, nesa da mu. Sikila ba ta bar ta ba, takan kwantar da ita sau ɗaya ko biyu a shekara. Wani lokaci ina wurin aiki sai waya ta shigo: "Baba, yau jikin ba daɗi, na bar aji, ina hanyar asibiti, ƙawata tana tare da ni." Mutane suna mamakin yadda nake amsawa da "To, Mamana, Allah ya sawwaƙe, ki kira ni in likita ya gan ki," in ajiye waya ban fita a guje ba. Ba taurin zuciya ba ne. Na san ranar da ta ce mini lafiya lau take, to lafiya lau ɗin take.