Lambar da Ta Haɗiye Jarrabawar Malama

Ni na zaunar da ita da kaina a kwamfuta ta bakwai, shi ya sa da maigidanmu ya ce wai ba ta zo jarrabawa ba, sai da na ji jini ya hau mini ka.

Malamar firamare ce daga Digil, ta haura hamsin. Jarrabawar ƙarin girma ta zo rubutawa a ɗakin kwamfutocinmu na Lokuwa, inda nake kula da na'urori ashirin. Sakamako ya fito, na kowa yana nan, nata babu. Idan ba a tabbatar ta zauna ba, sai wani zagayen, kuma kafin nan ta yi ritaya.

"Oga, wallahi ta zo," na ce.

"Kai da kwamfuta wa ya fi sani?" ya ce, ya juya ya tafi.

Haba! Ni da na haɗa su?

Duk wanda ya zauna, kwamfuta kan ba shi lamba ta ƙuri'a, wadda bai kamata ta zo ɗaya da ta kowa ba. Da na bincika sai na ga lambar Malama ita ce ta wani mutum a kwamfuta ta goma sha biyu. Shi ya gama daga baya, amsoshinsa suka hau kan nata suka shafe. Oga ya ce tsautsayi ne. Na ce tsautsayin nan sai na ga uwarsa.

Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a da kanta. Can cikin zuciyar manhajarta, abin da muke kira kanal, akwai wurin da take tara duk wani motsi da ba a iya hasashensa: tazarar danna maɓalli, jan linzamin kwamfuta, karkarwar agogo. Sai ta zuba su a wani lissafi da ke niƙe su kamar injin markaɗe, ba mai iya mayar da garin ya koma dawa. Daga garin nan take ɗibar lamba. Kafin ta mutu kuma takan ajiye ɗan iri don tashi na gaba.

Sati biyu ina karanta rubutun kanal a waya, har cikin keke napep. Ido ya yi ja, matata ta ce na auri allo. Rannan da hantsi na gano, kuma kunya ta kama ni, don laifin nawa ne. Kwamfuta ɗaya na shirya, na kwafe ta sau goma sha tara, har da irin nan. Batiran agogonsu duk sun mutu, don haka kullum daga lokaci ɗaya suke fara ƙirga. Ga al'adarmu ta tayar da janareto mu ɗaga makunni ɗaya, duka su farka tare, a ba da lamba tun ba wanda ya taɓa komai. Iri ɗaya aka zuba, don haka duk sa'ad da farkawar biyu ta zo daidai da daidai, dole garinsu ya zo ɗaya.

Na kira Oga. Na kashe, na kunna, sau tara, yana tsaki. A karo na goma, kwamfuta ta bakwai da ta goma sha biyu suka fito da lamba ɗaya a gabansa. Ni na rubuta wa masu jarrabawar takarda, na sa hannu cewa kuskurena ne, ko da zai ci aikina.

Na goge irin, na sa kanal ya cuɗa lambar jikin kowace na'ura a cikin niƙan, na kuma hana a ba da lamba sai motsi ya taru. Amsoshin Malama dai sun tafi, ba su dawowa. An yarda ta sake zama.

Ranar da ta dawo na ce, "Mama, ki daddanna maɓallan nan yadda kika ga dama kafin mu fara."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Na mene ne kuma, ɗana?"

"Don kwamfutar ta san ke ce, ba wani ba."

Ta sa yatsu goma ta dake su da ƙarfi, har na tsorata kada ta fasa mini su. Sannan ta ce, "To, yanzu ta ce ban zo ba."