Ranar Da New Bell Ta Tashi Tsaye Don Yaya Bala

Shekara bakwai ke nan cif da aka kai Yaya Bala makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, don mutanen unguwarmu sun riga sun gama yanke masa hukunci. Bana kuwa bakina ya buɗe, sai kun ji ni.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A unguwar New Bell da ke birnin Douala aka haife mu, a gidan da ya zama masauki tun zamanin mahaifinmu. Baƙo ya sauko daga mota, daga Kano ko Maiduguri, ya tambayi inda Hausawa suke, sai a nuno masa ƙofarmu. A ba shi wurin kwana da tuwo, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya huta. Da wayar hannu ta zo, sai karɓar baƙo ya ƙaru da abu ɗaya. Ba a sayar da layin waya sai da katin ɗan ƙasa, baƙo kuwa ba shi da shi. Sai mai masauki ya ja shi shagon masu layi, ya miƙa nasa katin, a yanka layin da sunansa. Kowane mai masauki yana yi, amma Yaya Bala ya fi kowa sakin hannu.

Na taɓa ce masa, "Yaya, kai kaɗai ka zama kamfani?" Ya ce, "To Rabi, da me zai kira uwarsa ya ce ya sauka lafiya?"

Sai shekarun tashin hankali suka zo, bama-bamai suna tashi a kasuwannin can arewa mai nisa, kowa a Douala yana kallon mai doguwar riga da gefen ido. Aka kama wani mutum a can, aka tarar layin da ke wayarsa da sunan Yaya aka yanka shi. Da hantsi jami'an tsaro suka zo, yana shan kunu a zaure. A kotun soja suka tambaye shi wa ya ba wannan layi, ya ce wallahi bai tuna ba. Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta kayar da shi.

Lauyarsa wata mata ce daga unguwar Bonapriso, ba Bahaushiya ba, ba ma Musulma ba. Abu ɗaya ta roƙa: a sami maza ko da uku su zo su ce, mu ma haka ya yi mana, al'adarmu ce. Na bi rumfa rumfa. Na je wajen Alhaji Garba mai albasa, wanda ya yi wata takwas a ɗakin zaurenmu lokacin da ya zo da jaka ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Rabi, ina da iyali." Kamar Yaya a bishiya ya tsiro. Ba wanda ya je, aka yanke masa shekara goma.

Uku ya yi a ciki. Daga inda yake kulle yana jiyo ladanin masallacinmu, ya ce wannan ya fi komai ci masa rai. Lauyar nan ba ta gaji ba, Allah ya saka mata. Ta tono bayanan kamfanin waya, ta nuna layin bai taɓa shiga wayar Yaya ba, kuma duk kiran da aka yi da shi daga arewa aka yi, alhali shi bai bar Douala ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi tas. Unguwa ce ta ƙi wanke shi. Ana gaisawa da shi da yatsu biyu, ba a sake nuno wa baƙo ƙofarmu ba, idan ya zauna a majalisa sai hira ta mutu. Shekara biyu ya yi a haka, ciwon ƙirjin da ya kwaso a gidan yari ya tafi da shi.

Bara 'yar lauyar, mai shirya fim, ta zo ta ce tana son ta yi fim a kan shari'ar. Sau biyu ina korarta. Matar Yaya, Anti Hadiza, ita ta ce, "Ƙyale ta, Rabi. Me ya rage da za a ɓata?"

Watan jiya aka nuna shi a wani zauren taro kusa da kasuwa, bayan la'asar. Wurin ya cika maƙil, kuma na san rabinsu gulma ce ta kawo su. Wanda ya fito a matsayin Yaya ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, Hausarsa kuma da ƙamshin Fulatanci. Da Yaya yana nan, da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Aka zo wajen kotu. Lauya ta juya ta tambaya ko akwai mai shaida, sai aka hasko bencina babu kowa a kai, aka daɗe ana haska su, har mutane suka fara gyaran murya.

Sai kujera ta yi ƙara a gaba. Alhaji Garba ne ya miƙe, da sandarsa, ya juya wa majigin baya ya fuskanci jama'a.

"Akwai mai shaida," in ji shi. "Ni ne, Garba. Layina na farko da katin Bala aka yanka shi. C'est la vérité, gaskiya ke nan. Tsoro ne ya hana ni zuwa, Allah ya yafe mini."

Wani mahauci ya tashi ya ce shi ma. Wani direban babbar mota ya tashi. Kafin in share idona maza sun miƙe ta ko'ina, kowa yana faɗin sunansa da garin da ya fito, har sai da aka tsayar da fim ɗin. Anti Hadiza ta rufe fuska da gyale. Ni kuwa na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba tun bikin autarmu, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Kada ku ɗauka na huce gaba ɗaya. Shaidar da ta zo bayan mai buƙatarta ya shekara bakwai a ƙasa ta makara, kuma na gaya wa Alhaji Garba haka ido da ido. Amma na san Yaya. Da yana cikin zauren nan ba zai tsaya tuhumar kowa ba. Cewa zai yi su zauna, sun tare wa mata kallo.

Yaya bai bar gidaje ba, bai bar mota ba. Suna kaɗai yake da shi, shi aka ƙwace, shi kuma muka daɗe muna nema. Tsawon shekarun nan, idan ana kwatance a layinmu, cewa ake yi "gidan nan da aka yi kamu". Shekaranjiya ina dawowa daga kasuwa na ji wata maƙwabciya tana yi wa baƙuwarta kwatance a waya, ta ce, "Ki ce wa mai babur ya ajiye ki ƙofar gidan Malam Bala." Baƙuwar ba ta ji da kyau ba, sai maƙwabciyar ta ɗaga murya ta maimaita. Na ajiye kayana a ƙasa na tsaya har ta gama.