Inna Tekna da Izgar Doki

Kullum da hantsi, in ta tatsi awakinta ta sallame su, Inna Tekna takan kwance tsohon zanen da take naɗe imzad ɗinta, ta jingina shi a rana don fatar ta ɗame. Gogen matan Abzin ke nan, rabin ƙwarya da fatar akuya, sai tsirkiya ɗaya tal ta izgar doki. Ta shafa ƙaro, ta ja kiɗa ɗaya daga cikin talatin da shidan da ta koya a hannun gwaggonta. Shekara hamsin tana haka, ko da mai saurare ko babu. Galibi ma babu, don tun da jita ta shigo kwarin nan samari suka juya mata baya, 'yan mata kuma suka ce abin tsofaffi ne. Har zuwa bara, ita kaɗai ta rage da kiɗe-kiɗen nan a ka. Ranar da ta faɗi, sun tafi ke nan.

Bara, a bikin cirar dabino, Aghali mai shirya taron ya ba ta ɗan lokaci bayan la'asar, kafin masu jita su hau. Tana cikin ɗaure tsirkiya sai ji aka yi tas, ta tsinke. Ga shi rabon kwarin nan da doki tun shekarar fari. Aghali ya ruga ya dawo da zaren roba.

"Inna, ga wannan. Na kamun kifi ne, ba ya tsinkewa."

"Kifi? A tsaunukan nan? Ɗan nan, ka taɓa ganin kifi in ba na gwangwani ba?"

"Haba Inna, wa zai gane?"

"Ni zan gane. Gwaggona ma za ta gane daga inda take kwance."

Ya ce to, in ba ta shirya ba masu jita za su hau, nata ya wuce. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ta dogara sanda har bakin kasuwa, inda wani baƙo mai suna Bazo, wanda ya kawo hatsi a amalanke, ya ɗaure ramammen dokinsa. Ta ce izga take so.

"Wutsiyar dokina, Inna? Da me zai kori ƙuda?"

"Ga ka nan zaune, ba aikin fari ba na baƙi. Sai ka kore masa."

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Bazo ya ji kunya, ya zaro wuƙa ya yanko mata izgar.

Ko da ta dawo, masu jita sun riga sun jona wayoyinsu. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta nemi lasifika ba. Tabarma ta samu a gefe, ta zauna ta ɗaura izgar, ta ja. A al'adarmu, in imzad ya yi kuka namiji ba ya magana, ba ya ɗaga kofin shayi. Samari ba su san wannan ba, amma dattawa ba su manta ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kofuna, suka ja rawani har kan hanci, suka shiga amsa mata da gunji daga ƙirji. Shirun ya bi taron kamar ruwa a lambu. Babban mai jita da kansa ya sunkuya ya zare wayarsa. Wallahi na ga ƙarti suna share hawaye da bakin rawani.

Washegari mata uku suka yi mata sallama, kowacce da ƙwarya a hannu, har da matar Aghali. Yau su tara ne, kuma babu kiɗa ɗaya cikin talatin da shidan da ba ya hannun wata.

Ke ce, Inna Tekna, giginya mai nisan inuwa. Ke ce kika ƙi sauƙi a ranar da kowa zai yi miki uzuri. Yanzu da yatsunki suka fara ƙagewa kika ce za ki huta, to huta, kin fita kunyar gwaggonki. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu kuwa, babu gidan da ba shi da tsohuwar da ke riƙe da wani abu, ba a dai taɓa tambayarta ba. Ku je ku zauna gabanta tun tana iya amsa sallama.