Cokalin Giya a Gidan Kaso

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka tura ni aiki ɗakin magani na wani gidan kaso a Yamai, ina sabon fitowa daga makaranta. Ni ne tafinta tsakanin 'yan kaso da likita, wani dattijo Bazabarme wanda Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba.

A damina aka kawo wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mutumin Maraɗi, wanda ya rushe rumfar mahauci a kasuwar Petit Marché yana cikin maye. Ya yi shekara da shekaru ba ya wuni bai sha ba. Ranar da aka yanke masa hukunci, yayarsa da ke aure a Saga ta sa shi ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse giya ba za ta ƙara shiga bakinsa ba.

Ba a jima ba jikinsa ya ɗauki kyarma, yana zufa, yana kaɗe kunamun da babu mai ganinsu sai shi. Masu gadi suka ce iskoki ne. Likita ya ce rashin giyar ne, kuma yanke ta farat ɗaya yana iya kisa. Maganin da ke kwantar da irin wannan ya ƙare mana. Abin da ya rage shi ne a ba shi giyar da cokali, ana ragewa kullum.

Da hankalin direban ya ɗan dawo, na fassara masa. Ya dube ni, haƙoransa na haɗuwa.

"Malam, ce wa likita in kwaɗayinta yake, ya sha abinsa. Ni na dafa Littafi."

Na tafi Saga. Na iske yayar a bakin fadamar shinkafa, na yi mata bayani iyakar iyawata.

"Ɗan nan," in ji ta, "da bakinka na Musulmi kake gaya mini wannan?"

Duk da haka ta je wurin limaminsu. Ya ce lalura ce, a yi kaffarar rantsuwa, a ciyar da miskinai goma. Washegari ta zo da kwaryar dafaffiyar shinkafa a ka.

"Ba sai na nemi miskinai ba," ta ce wa mai gadi. "Ga su nan kun tara."

Ta tsaya har suka cinye, sannan ta juya wa ƙanenta baya, likita ya ɗura masa cokalin farko. Kafin mako ya zagayo kyarmar ta lafa. Ya rayu.

Ranar da aka sallame shi ta zo tarbarsa. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, idonta na kan ƙanen da ke ɗaure ƙunshin kayansa.

"Kun ceci ransa, na gode," ta ce. "Amma yanzu ya san rantsuwa ana fanshe ta da kwaryar shinkafa. Da me zan sake riƙe shi?"

Na fassara wa likita. Ya ɗauki tsumma ya ci gaba da goge teburinsa.