Furen Yayata a Ƙarƙashin Randa

Da muka dawo daga ta'aziyyar yayata a Jos, kowa ya ɗauko abin tunawa, wani zane, wani kwano. Ni na ɗauko wani ɗan shuka a tukunya, wanda 'yan lakol, wato 'yan boko, ke kira ortansiya. A bakin ƙofarta yake, yana fitar da fure shuɗi, dunƙule kamar curin fura. Tun daga tasha har Gazawa a cinyata ya zo, ana ta yi mini dariya a mota.

A Gazawa nake koyarwa, ina zaune gidan wata tsohuwa da muke kira Inna. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaya ko ana miya da shi. Na ce a'a. Ko magani ne? A'a. Ta taɓe baki ta ce in bari bazara ta zo, za ta raba mu. Raina ya ɓaci, na ƙudura ko zan kwana da ƙishi sai ya rayu.

Rana ba ta yi masa, don haka na tura shi ƙarƙashin randa, inda ruwa ke tsattsafowa yana ɗiga. Kuma a kansa nake alwala. Ya yi lif, har ya fara toho.

Sai wata rana na dawo na tarar Inna ta zuba masa toka cike da tukunya, yadda ake yi wa shuka saboda gara. Da zuciya ɗaya ta yi, na sani, shi ya sa ma ban sami wanda zan yi wa faɗa ba. Shi kuwa ba ya shiri da toka. Ganye ya yi ɗorawa, ya fara zuba. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi a Jos ba.

Da na fito sai na ɗauki reza. Na yanke 'yan rassan da suka rage da rai, ƙasa da gaɓa, na tsige ganyen ƙasa, na soka su cikin yashi a fasasshen tulu, na rufe da leda. Uwar ta bushe. Rassan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, saura guda. Maƙwabta suka kawo mini irin zogale, wai in huta da wahala. Na gode musu, na mayar.

Da damina ta sauka, na ja reshen da ya rage a hankali, na ji ya riƙe ƙasa. Ya yi saiwa.

Har yau bai yi fure ba, wataƙila kuma zafin garinmu ba zai taɓa barinsa ba. Kwanan baya Inna ta same ni ina gyara masa inuwa.

"Ɗiyata," ta ce, "in wanga ma ya mutu hwa?"

"Kafin ya mutu zan yanki reshe, Inna. Na binne yayata sau ɗaya, ya isa."