Ranar da Aka Zuba wa Baba Gahawa

Babana mutumin wuta ne. Tun kafin a haife ni yake gasa burodin tamis a wani ɗan shago a unguwar Ƙuba, nan Madina, fuskarsa a bakin tanderu daga asuba har hantsi, har gashin hannunsa ya gaji ya daina fitowa. Da ƙarfinsa ya fara ja baya muka taru muka ce ya isa haka. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya dawo wurina a unguwar Khalidiyya, don ni ce babba, kuma ni na ci sunan mahaifiyarsa, Uwata yake kirana. Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Daga masallaci sai kujera, daga kujera sai masallaci. In ka ce masa sannu, sai ya ce, "Sannu da me? Me na yi?"

Wata Asabar cikin sanyi maigidana ya kwashe mu da yara zuwa wata gonar dabino can wajen Aƙiƙ, wai akwai jirgin ƙasa mai tururi. Na ce masa ya daina zolaya, jiragen tururin da muka sani su ne na tsohuwar tashar Turkawa, kuma waɗannan sun daɗe da yin shiru. Ashe da gaske yake. Wani ɗan ƙaramin kan jirgi ne baƙi, tsoho tukuf, da wasu dattawa suka samo a yashe suka yi ta fama da shi har ya tashi. Mai gonar ya ba su wuri, suka shimfiɗa dogo tsakanin itatuwan dabino, ya zagaya ya dawo. Tarago biyu yake ja, duk na katako. Ba wanda ake biya a cikin masu kula da jirgin. Akwai tsohon bakanike, akwai malamin makaranta da ya yi ritaya, akwai masu aikin kamfani da ke ba da ranar hutunsu. Mai son taimakawa ya kawo itace, ko gawayi, ko man shafa wa ƙarfe, ko ƙarfinsa.

Muna can muna neman wa yara wurin zama na waiga ban ga Baba ba. Sai can na hango shi ya leƙa kansa wurin da ake ba jirgin wuta, yana musu da mutumin da ke riƙe da shebur, da Larabcinsa na kasuwa da ya cakuɗe da Hausa. Wai an tara wutar gefe guda, ta ina za ta sha iska? Kafin mu bar gonar nan ya tattare hannun riga. A mota yana ta wari kamar wanda ya fito daga gobara, yana dariya shi kaɗai. Rabon da in ji dariyarsa tun mahaifiyarmu na da rai.

Shi ke nan, Baba ya zama mai wutar jirgi. Kowace Asabar in sanyi ya shigo, tun da sassafe za a kai shi, don tukunyar jirgin ba ta son gaggawa, sai an lallaɓa ta kafin ruwa ya tafasa tururi ya taru. Ni ma ban zauna ba. Na ɗinka wa kujerun tarago riguna, na riƙa dafa musu babban faranti na shinkafa da ƙosai a gefe, na hana matan makarantar da nake koyarwa sakat sai sun kawo 'ya'yansu. 'Yar mai wuta suke ce mini a gonar, kuma wallahi sunan ya fi mini Malama daɗi. Yarana, da ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci, har sun koyi cewa "tururi" saboda kakansu.

Mutanen nan suna da wata al'ada da ban ɗauke ta bakin komai ba a lokacin. Akwai wata baƙar buta da suke ɗorawa kusa da bakin wutar jirgin, shayi na dahuwa a ciki duk yini. Kowa da kofinsa a rataye jikin ƙusa. Ba mai zuba wa wani, ko da shugabansu ne, ko da wanda ya girme shi ne. Mai aiki shi ke zuba wa kansa, ya kurɓa a tsaye ya koma. Baƙi kuwa nasu daban. An yi musu rumfa an shimfiɗa darduma, a zaunar da su, a kawo dabino, a zuba musu gahawa a ɗan finjali kamar yadda aka saba a Madina. Kuma kowa ya san baƙon da aka zuba wa gahawa ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke, abin kunya ne ga masu wuri.

Tarin ya fara ne kamar wasa. Baba ya ce ƙura ce, daga baya ya ce sanyin mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, daga baya ya ce mu ƙyale shi. Ranar da ya kasa hawa matakalar gida na sa shi a mota sai asibiti. Likitar ta duba hoton ƙirjinsa, ta tambayi aikin da ya yi a rayuwarsa, sannan ta tambayi abin da yake yi yanzu. Da na gaya mata sai ta ajiye biro ta dube ni, ni ba shi ba. Ta ce tanderu ya riga ya ci rabonsa a huhun nan, abin da ya rage ba zai ɗauki hayaƙi ba. Ta ce in ya ci gaba, wata rana a kwance za a kawo mata shi, kuma ba ta yi mini alkawarin zai koma gida ba.

A hanya na ce, "Baba, ka ji dai da kunnenka."

Ya ce, "Ita likitar ta taɓa hura wuta?"

Na ce, "Kai ka taɓa duba huhu?"

Mun yi ta yi har gida. Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, kuma ba a ƙasa na tsinci halin ba, wurinsa na gada. Na ce ba mai sake kai shi, ya ce ai garin da tasi. Asabar na zagayowa ya yi sammako ya tafi abinsa. Na bi shi da farantin shinkafa ina huci. Ban same shi a kan jirgi ba, aka ce ya zaga. Bayan tankin ruwa na same shi a tsugune, ya dafa bango, yana jan numfashi da ƙyar, leɓensa ya yi duhu. Ya ɓuya ne kada abokan aikinsa su gani. Da ya samu ya iya magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Uwata, kada ki gaya musu."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ranar Alhamis suke taruwa su shafa wa jirgin mai su duba dogo, shi kuma Baba yana azumin Alhamis, a masallacin Harami yake yini. Na tashi daga makaranta na wuce gonar kai tsaye. Shugabansu wani dattijo ne Balarabe, tsohon bakaniken nan, kowa Ammu yake ce masa. Na so in ja shi gefe, amma raina ya riga ya ɓaci tun a mota, sai kawai na sauke a gabansu duka. Na faɗi abin da likita ta ce, na faɗi yadda na same shi a bayan tanki. Na ce, "Ku jirginku kuke gani, ni ubana nake gani. In ya faɗi a kan ƙarfen nan, ku da Allah."

Ammu ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Na ɗora a kaina, ya binti, 'yata. Maganarki ta karɓu. Amma mutum irinsa ba a ce masa tafi." Na yi godiya na juya. Ban tambaye shi yadda za su yi ba. Na ɗauka za su zauna da shi su lallashe shi, ko su rage masa aikin.

Asabar ni na kai shi da kaina, har yana tsokanata wai na sauko. Yana riƙe da ledar da yake sa tsohuwar rigar aikinsa. Tun daga bakin gona muka hango hayaƙi, an riga an hura wuta. Baba ya rage tafiya. Sai ga Ammu ya taro mu cikin farar riga tas, shi da kullum yake cikin baƙin mai. Ya sumbaci Baba a ka, ya kama hannunsa, ya yi ta yi masa marhaba kamar yau ya fara ganinsa, ya ja shi zuwa rumfar baƙi ya zaunar da shi a wuri mafi daraja, ya sa masa matashi. Sauran suka zo ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi. Sannan Ammu ya ɗauki butar gahawa da hagu, finjali da dama, ya tsaya a gabansa ya zuba, ya miƙa masa.

Sai a lokacin na gane. Baba ya dubi finjalin. Ya ɗaga kai ya dubi jirgin, inda wani bawan Allah ɗan Maraɗi, direban tankar ruwa, yake tsaye da shebur ya kasa ɗago ido. Ni ce kawai bai duba ba. Hannun Ammu na nan a miƙe. Da Baba ya ƙi karɓa, da ya kunyata mutumin a gaban jama'a. Ya ajiye ledarsa a gefe, ya sa hannun dama ya karɓa, ya ce bismillah ya shanye. Ya girgiza finjalin alamar ya ƙoshi, ya ce, "Allah ya ƙara girma."

Daga nan suka sa shi a taragon baya, nesa da hayaƙi, kan kujerar da na ɗinka wa riga da hannuna, tsakanin jikokin mutane. Jirgi ya yi kuka ya tashi. Baƙi suka yi tafi, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Baba ya wuce ta gabana yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa.

Ya sake zuwa 'yan lokuta, kullum a tarbe shi a zaunar a zuba masa. Daga baya ya ce gwiwa na damunsa, ya daina. Bai taɓa tambayata ba, bai taɓa yi mini gori ba, ko a fuska. Da ya zage ni ma da na ji sauƙi, don zagi na san yadda ake ramawa.

Tari kuwa ya lafa. Yana hawa matakala, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Likita ta yaba mini, ta ce da kowane tsoho na da 'ya irina da aikinta ya yi sauƙi. Ƙanena ya ce na yi daidai. Maigidana ya ce na yi daidai, har ya gaji da faɗa. Ni ma na sani. In aka dawo da Alhamis ɗin nan zan sake shiga mota in je, don ba zan zauna ina kallo a ɗauko mini ubana a kwance ba. Amma sanin bai hana ni jin nauyi a ƙirji ba duk lokacin da na shigo na same shi a kujera, ya yi wanka ya sa turare, farcensa fes, yana kallon bango. In baƙi sun zo sai ya nuna ni ya ce, "Uwata ce ke riƙe da ni, Allah ya yi mata albarka." Su ce amin, ni kuwa in tashi in shiga kicin kamar na bar wani abu a wuta.

Ban daina kai musu abinci ba, daina kaiwar ma wani abin kunyar ne. Suna karɓa su yi godiya, su ce a gaida Baba. Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Sai dai yanzu Malama suke ce mini.

Da sanyin bana ya shigo, wata safiyar Asabar ina zuba shinkafa a faranti, na ga ya fito ya tsaya a ƙofar kicin yana kallona. Abin ya ci ƙarfina. Na ce, "Baba, shirya mu tafi. Zan gaya wa Ammu na janye maganata. Ka sa abin rufe hanci, ka hura musu wutar safe kawai, in ta kama ka sauko."

Ban taɓa gaya masa na yi wata magana ba, amma bai nuna mamaki ba. Ya ja kujera ya zauna.

Ya ce, "A gaban mutum nawa kika yi maganar?"

Na ce, "Duka suna nan."

Ya ce, "To. Kin tsaya a gaban dattawa kin yi magana a kan ubanki, sun girmama ki sun karɓa. Yau in na koma na ɗauki shebur, me na gaya musu? Na ce 'yata yarinya ce, maganarta ba ta da nauyi ko a gidansu. Gobe da wane ido za ki shiga gonar nan?"

Na ce, "Baba, ni ban damu ba."

Ya ce, "Ni na damu."

Na tsaya da ludayi a hannu, hawaye na zuba. Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Da ya ga babu, sai ya dafa teburi ya miƙe.

Ya ce, "Rufe abincin nan ki tafi, Uwata. Tun safe suke aiki, yunwa suke ji."